Bidiyon Biki: Fim Ɗin Da Ba A Cewa "Kat!"

A lokeshin, idan jarumi ya yi kuskure sai darakta ya daka tsawa ya ce "Kat!", a sake ɗauka, ko sau goma ne. To amma a wajen biki fa? Liman ba zai sake shafa fatiha ba don batirin kyamara ya mutu. Ita ma amarya ba za ta maimaita kukan barin gida ba don wani ya gitta gaban mai ɗauka. Shi ya sa zaɓen mai bidiyon biki ya wuce wasa.

Dama can harkar fim da ta bidiyon biki Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fito da 'Turmin Danya' a Kano cikin 1990, kyamarar kaset ɗin VHS ce ake yayi, irin wadda ake saɓawa a kafaɗa a gidajen biki da suna. Masu ɗaukar hoto da dama a industiri daga nan su ka koyi sana'ar. Daga baya aka koma faifan sidi, yau kuma har jirgi maras matuƙi ake tayarwa a saman holin dina. Kayan aiki sun sauya, amma kukan amare bai sauya ba.

Kuskure na farko da ango da amarya ke yi shi ne ruɗuwa da tirela. Duk ɗan kallo ya san tirela ta kan fi fim ɗin daɗi. Haka ɗan guntun minti ɗaya da ake sakawa a Instagram, an ɗora masa waƙa, ba ya nuna gwanintar kowa. Abin yi shi ne a nemi mutum ya nuna aikin biki guda cikakke, tun daga kamu har buɗar kai. A nan za a ga ko hannun sa na rawa, ko fuskokin mutane sun fito da daddare, ko kuma ana jin nasihar iyaye ba ƙarar janareto ba.

Na biyu, a tambaya: wa zai zo ranar? Sau tari da oga ake ciniki, ranar biki sai a ga yaron sa, don shi ya karɓi aiki uku a Asabar ɗaya. A tabbatar akwai batiri da katin ajiya na ko-ta-kwana. In da hali kyamara ta zama biyu, domin ɗaurin aure na masallaci, mata kuma na can cikin gida.

Sai babbar magana, wato sirri. A wajen kamu da sa lalle mata su na sakewa, su yi rawa, mayafi ya zame, don sun san junan su ne. Idan wannan hoton ya faɗa TikTok ba da izini ba, zai iya girgiza auren wata baiwar Allah da ta zo taya murna kawai. Saboda haka wasu gidajen su ka fi son mace ta ɗauki ɓangaren mata. Ko ma wa aka ɗauko, a yi yarjejeniya a rubuce cewa ba zai saka komai a intanet ba sai da yardar masu biki.

Batun kuɗi kuwa, a ba da kafin alƙalami, cikon sai aiki ya zo hannu, kuma a rubuta ranar karɓa. In ba haka ba, sai a yi sunan ɗan fari ana ta zaryar sitidiyo, ana jin "edita ya yi tafiya".

A ƙarshe, a nemi kwafi fiye da ɗaya, a ajiye a wurare daban-daban. Tun 2016 kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar kallon VHS, ya daina. Gidaje da yawa yanzu su na da kaset ɗin bikin iyayen su a ƙasan akwati, ya yi fumfuna, ga fuskokin kakanni da su ka riga mu gidan gaskiya a ciki, amma babu abin kunnawa.