Kare ko mussa: wanne ya dace da gidanka?

Manoma da makiyaya, kun san yadda abin yake. Yara su shigo da ɗan kwikwiyo ko ƴar mussa, su ce: "Baba, a bar mana." Kafin ka ce to, maigida, tambayi kanka abu biyu: wane aiki dabbar za ta yi a gidan, kuma mi za ta ci?

In kusu ne ya dame ka a rumbu, nemi mussa. Macen kusu sati 3 kawai take ɗaukar ciki, shi ya sa suke cika gida nan da nan bayan kaka. Mussa ba ta da tsadar riƙo. Amma in uwargida tana kiwon kaji, zabi ko tantabaru, a dinga rufe ƴan tsaki da dare. Kada kuma a zuba gubar kusu a gidan da ke da mussa: in ta ci kusun da ya sha guba, ita ma tana iya mutuwa.

Kare kuwa na makiyayi ne, da mai garka, da wanda gidansa yake bakin daji. Makiyayan Azawak, arewa da Tawa, sun daɗe da dogon karensu mai gudu, wanda ke tsaron zango da bisashe. Su kam sun san abin da ya sa suke ciyar da shi. To, kai da ke tsakiyar gari, ba ka da garke, mi zai tsare maka? Kare yana son abinci da ruwa kullum. In bai samu a gida ba, sai ya shiga yawon juji tare da karnukan da ba su da mai su. Can yake gamuwa da ciwon haukan kare, ya kawo shi gida.

Wannan ciwo ba abin wasa ba ne. Kusan duk mutanen da suka kamu da shi, cizon kare ne mafari, kuma yara sun fi shiga hatsari, don su ne abokan wasan kare, wani lokaci ma su ɓoye cizon don tsoron faɗa. Da zarar alamun ciwon sun bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Amma akwai rigakafi, tun 1885 da Luwi Pastar ya fara yin sa a Faransa.

In kare ya ciji mutum, ko mussa ta yage shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a tafi gidan likita ran nan, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a tsaya shafa toka ko barkono. Karen a ɗaure shi, a sanar da ma'aikatan kiwo su sa masa ido, amma ba a jiran sakamako kafin a kai wanda aka ciza.

Saboda haka, wanda ya zaɓi kare, ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allura in ya kai wata 3, a sake a lokacin da likitan ya faɗa. Mussa ma ana yi mata. Takardar allurar a adana ta tare da takardun gida, don ita za a fara tambaya ran da karen ya ciji ɗan maƙwabci.