Yawon arba'in: ranar da jariri ke fara ganin gari

Bisa al'adarmu ta Hausawa, jariri ba ya shiga gari sai ya cika kwana 40 a duniya. Daga Damagaram zuwa Tasawa da Maraɗi, daga Ƙonni zuwa Tawa, har unguwannin Hausawa na birnin Yamai, tsarin kusan ɗaya ne. Ran bakwai a raɗa suna, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Mai jego kuwa ta ci gaba da wankan jego safe da maraice, tana ɗaki, dangi na zuwa barka, har kwanaki su cika. Sa'an nan a yi mata kitso da lalle, ta ɗaura sabon zane, ta saɓa ɗanta a baya, ta tamke da majanyi, a haɗa ta da wata yarinya mai riƙe mata kaya, ta fita yawon arba'in.

Wannan yawo ba na shan iska ba ne. Godiya ce take kaiwa gida gida ga waɗanda suka zo barka da suna, kuma gabatar da sabon ɗan dangi ne ga kakanni da gwaggwanni da kawunnai. Kowa ya karɓi jariri, ya sa masa albarka, ya faɗi wanda ya ɗauko a kama. Kaka ta yi masa tsiya irin ta wasan jika, ta ce ga maigidanta ya zo hannu sake, ko cefane bai kawo ba. In za a tashi a ba da sabulu, ko ɗan kuɗi, ko kwanon hatsi. Ta haka yaro ke shiga lissafin dangi tun bai san kansa ba.

Zaman nan na ɗaki yana da hikima. Makonnin farko su ne mafi haɗari a rayuwar ɗan Adam, domin jikin jariri bai iya kare kansa daga cuta ba tukuna, kuma nisantar taro da ƙura da rana kariya ce gare shi. Uwa ma tana samun hutu. Sai dai akwai inda al'adar ke wuce gona da iri. Tun cikin shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan shan kunun kanwa da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Haka kuma ba a jiran arba'in da jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko cibiyarsa ta yi ruwa, ko numfashinsa ya yi sauri. Wannan a ranar ake kai shi gidan likita, ko da daren suna ne.

Yanzu mu yi ɗan lissafi, tun da da yawa cikin masu karanta wannan shafi sun koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci. Sati 6 kwana 42 ne. Watau kwana biyu kawai ke tsakanin arba'in da ranar da tsarin rigakafi na ƙasa ya ajiye domin a kawo jariri. Wanda aka haifa a gidan haihuwa an riga an yi masa allurar tarin fuka, an ɗiga masa maganin shan inna. A sati 6 ne yake karɓar allurar nan mai kare cuta biyar a haɗe, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, tare da ta ciwon huhu da ɗigon da ke kare zawo mai tsanani. A sake a sati 10, a sake a sati 14. In ya kai wata 9 a yi masa ta ƙyanda da ta shawara.

Kada wani ya ce waɗannan cututtuka labarin dā ne. A shekarar 2023 mashaƙo ya ɓulla a jihar Damagaram, ya fi tsanani a yankin Matamaye, kuma yara ne suka fi shan wuyarsa. Saboda haka a ganinmu gidan likita ya cancanci shiga jerin gidajen da mai jego za ta kai wa gaisuwa, kuma a sa shi a gaba. Kwalliya an riga an yi, ƙafa ta riga ta fita, abin da ya rage shi ne a jefa karnen yaro cikin jaka. Rigakafi kyauta ne, kuma tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa iyaye kuɗin duba yaran da ba su kai shekara 5 ba a gidajen likita nata, ko da yake magani yakan yanke wani lokaci, abin da ya kamata hukumomi su sa wa ido.

Akwai kuma lissafi na uku, wanda ke wuyan maigida. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 domin a bayyana haihuwa ga hukuma a yi wa yaro takarda. Uba da yawa yakan sayi rago da goro da turamen zane, ya manta da wannan takarda da ba ta cin ko dala, sai ranar da za a sa yaro lakwal ko zai zauna jarrabawa a shiga zaryar kotu. Kunyar ɗan fari ta hana uba kiran sunan ɗansa a gaban mutane, mun yarda, amma ba ta hana shi faɗa wa magatakarda sunan ba.

Ita fitar kanta tana son dabara, musamman in arba'in ta faɗo a bazara. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40 a Tawa da Yamai, kuma jaririn da ke goye yana tsakanin zafin rana da zafin bayan uwarsa. In aka ƙara lulluɓe shi ruf da mayafi mai kauri, ga hular ulu, ga safa, to an sa shi a tanda. Gara a fita da sassafe, a yi zaman rana a gida ɗaya, a ci gaba bayan la'asar. Majanyi ya tallafi wuyansa, domin ɗan kwana 40 bai iya riƙe kai ba, fuskarsa kuma ta kasance a gefe inda iska ke samunsa. Ba dole ba ne a gama dangi rana ɗaya.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi kowace wuya. Duk gidan da aka shiga za a kawo ruwan baƙo, kuma da wuya a rasa tsohuwar da za ta ce a ɗan jiƙa wa yaro maƙoshi, ko ta ɗauko bauri. Niyyarta alheri ce. Amma mafi yawan nonon uwa ruwa ne, yana isar jariri har wata 6 ko da a tsakiyar bazara, ruwan randa kuwa shi ne ƙofar zawo. Mace mai ladabi ba sai ta yi gardama ba. Ta karɓi kwanon da hannu biyu ta ce: "Inna, bari in sha, shi zai same shi a nono." Sa'an nan ta kwance goyo ta shayar da shi nan take.

Dā yawon arba'in da ƙafa ake yin sa. Yau kabu-kabu ne, kuma abin takaici ne ganin babur na keta kasuwar Maraɗi ran Juma'a da mace a baya, jariri a bayanta, kansa na lilo. In ba makawa, a nemi mai ƙafa uku, a kwance goyon a rungume yaro a gaba. Wadda ta je wanka gidan iyayenta a wani gari kuwa doguwar tafiya ke gabanta. Yamai zuwa Maraɗi ya fi kilomita 600, yini guda ne cur cikin mota, don haka ta nemi kujerar da rana ba ta bugu, ta yi ta shayarwa a hanya. In za a kwana gidan dangi, a tafi da sange, domin sauron gidan kaka bai san jika ba. Da damina, daga wata 3, yaro yana shiga cikin masu karɓar maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa gida gida wata wata, kuma a watan Satumba na 2024 aka ƙaddamar da allurar rigakafin wannan zazzaɓi a Gaya, jihar Doso.

Bayan arba'in fita ba ta ƙarewa. Ga biki, ga suna, ga kasuwa, ga gona, yaro yana baya duk inda aka nufa. A nan ne ranakun komawa likita ke ɓacewa, uwa ta ga ta makara, ta ji tsoron faɗan ma'aikata, ta ƙi komawa ɗungum. Ya kamata a sani cewa allurar da aka makara ba a sake ta daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ma'aikacin da uwa ta zo masa da jinkirin sati uku, ya karɓi karnen, ya yi wa yaro awo, ya yi allurar, ya rubuta ranar dawowa, ya kuma faɗa mata da baki wace ranar kasuwa ce ta yi daidai da ita.