Salansar motoci masu injin Wankel

Salansar mota mai injin Wankel ita ce jerin bututu da tukwanen ƙarfe da ke kwashe hayaƙi daga injin zuwa bayan mota, su rage masa ƙara, su kuma tace wani ɓangare na gubar da ke cikinsa. A ido ba ta da bambanci da salansar sauran motoci, amma aikin da ke kanta ya fi nauyi, domin hayaƙin wannan injin ya fi na injin fistan zafi, ƙararsa kuma ta fi kaifi. Saboda haka tukunyar salansar da za ta yi shekaru a ƙarƙashin mota mai fistan tana iya ƙonewa daga ciki cikin ɗan lokaci idan aka ɗaura ta a mota irin Mazda RX-7. Kuskure wurin zaɓen salansa ba ya tsayawa a kan ƙara kawai, yakan kai ga mutuwar injin gaba ɗaya, musamman a motoci masu turbo.

Asalin injin

Injiniyan Jamus Felix Wankel ne ya ƙirƙiro injin, kuma samfurin farko ya tashi a kamfanin NSU a shekarar 1957. NSU ta fitar da motar Spider a 1964, sannan Ro 80 a 1967. Kamfanin Toyo Kogyo na Japan, wanda daga baya ya koma Mazda, ya sayi lasisin ƙera injin a 1961, ya fitar da Cosmo Sport a 1967, kuma shi kaɗai ne ya daɗe yana sa shi a motocin kasuwa. An ƙera RX-7 daga 1978 zuwa 2002 a zubi uku, RX-8 kuma daga 2003 zuwa 2012. Mafi yawan salansar da ake sayarwa don wannan injin a yau ta waɗannan motoci biyu ce, masu injin 12A ko 13B. Masu sha'awarsu sun fi yawa a Japan, Amurka, Ostareliya, New Zealand da Birtaniya.

Abin da ya bambanta hayaƙinsa

Injin Wankel ba shi da fistan, ba shi da bawul. A maimakon haka akwai rota mai kusurwa uku da ke juyawa cikin wani gida mai kama da ƙwai da aka ɗan matse cikinsa. Kowace fuska ta rotar tana zama ɗakin ƙona mai, kusurwoyin rotar ne kuma ke buɗe kafar shigar iska da kafar fitar hayaƙi yayin da suke wucewa. Injin 13B yana da rota biyu, kowace mai cin cc 654, jimilla cc 1,308.

A injin fistan, bawul yana buɗewa ne sannu a hankali, hayaƙin kuma sai ya kewaye kan bawul ɗin, ya bi lanƙwasasshiyar hanya a cikin kan injin kafin ya fita. Wannan yana rage masa ƙarfi da zafi. A injin 12A da 13B na RX-7 kuwa, kafar hayaƙin tana jikin bangon gidan rota, kuma da zarar kusurwar rota ta wuce ta sai ta buɗe kusan lokaci guda, hayaƙi ya faɗa bututu kai tsaye ba abin da ya tare shi. Daga nan ne ƙarar nan mai kaifi take fitowa, wadda ta fi kama da ta babur mai injin zagaye biyu fiye da ta mota. Kowace rota tana harbi sau ɗaya a duk juyin sandar injin, don haka injin mai rota biyu da ke juyi 6,000 a minti yana tura bugun hayaƙi 200 a daƙiƙa ɗaya. Adadin daidai yake da na injin silinda huɗu, amma kowane bugu ya fi tsanani.

Zafin kuma yana da nasa dalilin. Ɗakin ƙona man dogo ne siriri, yana kuma tafiya tare da rota, don haka wuta ba ta gama cinye man kafin kafar hayaƙi ta buɗe. Ragowar fetur yana fita da hayaƙin ya ci gaba da ci a cikin bututu. Idan injin yana aiki da dukkan ƙarfinsa, zafin hayaƙin a bakin kafa yakan kai digiri 900 a ma'aunin Salsiyas, wani lokaci ya wuce. Wannan ragowar man ne ke sa ake ganin harshen wuta a wutsiyar salansar motocin tsere idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Akwai kuma baƙin mai: injin yana da ƙaramin famfo da ke ɗiga shi cikin ɗakin ƙonewa da gangan don sil ɗin kusurwoyin rota su samu santsi, kuma tokarsa ta salansa take bi.

A shekarun 1970 Mazda ta mayar da wannan zafin abin amfani. Ta sa wata tukunya mai kaurin bango a gefen injin, famfo yana hura mata iska, ragowar man yana ƙarasa ƙonewa a ciki. Da wannan dabara ta cika ƙa'idojin hayaƙi na Amurka, sai dai tsarin yana buƙatar a riƙa ba injin mai fiye da ƙima, abin da ya jawo wa kamfanin asara bayan tashin farashin fetur na 1973. Daga samfurin 1981 RX-7 ta Amurka ta koma amfani da katalis.

Sassan salansa

Daga injin zuwa baya, da farko akwai manifol, wanda ke karɓar hayaƙi daga kafofin. A mota mai turbo, hayaƙin yana juya turbo tukuna sannan ya sauka ta bututun gangare. Sai katalis, wato matatar da makanikai a Najeriya ke yi wa laƙabi da indomi saboda siffar cikinta. Bayanta akan sa ƙaramar tukunya a tsakiyar mota, sannan babbar tukunya a can baya. RX-7 ta zubi na biyu ta fito da bututun da ya rabu gida biyu kusa da tayoyin baya, da tukunya a kowane gefe.

Ƙarfe da kayan cikin tukunya

Nan ne aka fi yin kuskure. Tukwanen salansa iri biyu ne. Akwai mai miƙaƙƙen bututu mai huji-huji, wanda aka naɗe da abin da ke shanye sauti. Akwai kuma mai ɗakuna, inda faifan ƙarfe ke karkatar da hayaƙin yana kai da komo har igiyoyin sautin su kashe juna. Na farkon ya fi barin hayaƙi ya wuce, ya kuma fi cin siririyar ƙara. Na biyun ya fi maganin gurnani mai kauri, amma yana ɗan tare hanya.

Tukunya mai araha ta nau'in farko da audugar gilas ake cika ta. A bayan injin Wankel wannan audugar tana narkewa ko ta tsintsinke, hayaƙi ya yi waje da ita, sai a wayi gari tukunyar ta zama gwangwani, motar da ta fara da sauti mai daɗi ta koma damun unguwa. Tukunya mai ɗakuna da aka yi da siririn ƙarfe ita ma ba ta tsira ba: bugun hayaƙin yana girgiza faifan har waldarsu ta tsage, su ɓalle su riƙa kaɗawa a ciki, wani lokaci ma ɗaya ya faɗi ya toshe mafita. Shi ya sa tukwanen da aka ƙera musamman don wannan injin ake naɗe bututun cikinsu da zaren ƙarfe marar tsatsa, a bi bayansa da audugar yumɓu mai jure wuta, bangon kuma a yi shi da kauri. Kamfanin Racing Beat na jihar Kalifoniya, wanda aka kafa a 1971, ya yi suna a wannan sana'a, haka ma RE Amemiya a Japan.

Game da bututun kansa, ƙarfen da aka shafe da alminiyam yana da sauƙin kuɗi, amma alminiyam yana narkewa a digiri 660, don haka bai dace da kusa da injin ba. Ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 shi ne aka fi amfani da shi daga tsakiya zuwa baya. Mai lamba 321, wanda aka haɗa da ɗan titaniyam, ya fi jure zafi mai ɗorewa, shi ya sa ake son sa a manifol. Motocin tsere masu kuɗi suna amfani da Inconel. Baƙin ƙarfe mai kauri ma yana aiki, har ya fi siririn marar tsatsa danne ƙarar da ke ratsa bangon bututu, illarsa nauyi da tsatsa. Wani abin da masu walda ke mantawa shi ne miƙewar ƙarfe: bututun 304 mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan santimita ɗaya idan zafinsa ya hau da digiri 600. In ba a bar masa wurin motsi a maratayansa da mahaɗansa ba, wurin walda ne zai tsage.

Zaɓi gwargwadon injin

A injin da ba shi da turbo, salansa tana cikin abubuwan da suka fi ƙara ƙarfi. Dalili shi ne akwai lokacin da kafar shiga da kafar fita suke buɗe tare ga ɗaki guda. Idan hanya ta cushe, hayaƙi yana komawa ya gurɓata sabuwar iskar. Idan kuwa tsawon bututun ya dace, bugun da ya wuce yana barin jan iska a bayansa, wanda ke zuƙe ragowar hayaƙin ya kuma taimaka wa sabuwar iska ta shigo. Dogon bututu kafin mahaɗar rotocin biyu yana ba da ƙarfi a matsakaicin juyi, gajere kuma a can sama. Zancen da ake yawan yi cewa injin yana buƙatar a ɗan toshe masa hanya ba daidai ba ne. Abin da yake buƙata shi ne hayaƙin ya riƙe saurinsa, kuma bututun da ya cika faɗi yana kashe wannan saurin. Inci 2.5 bayan mahaɗa ya wadaci yawancin injinan titi. Injinan da aka faɗaɗa wa kafofi don tsere suna da tsananin ƙin cushewa, su ne kuma suka fi kowa ƙara, don haka mai irinsu yakan ƙare da tukwane biyu ko uku a jere.

Mota mai turbo lissafinta daban ne. Turbo da kansa yana cinye kaso mai yawa na ƙarar, kuma abin da yake so shi ne hanya a buɗe a bayansa. Inci 3 ne aka saba sawa, wanda faɗin bakinsa ya fi na inci 2.5 da kashi 44 cikin ɗari. Haɗarin yana nan: RX-7 ta zubi na uku tana da turbo biyu masu aiki bi da bi, na biyun yana shigowa a wajen juyi 4,500, kuma kwamfutarta an tsara ta ne a kan matsin iska na kusan psi 10. Idan aka buɗe salansar gaba ɗaya, musamman in an cire babbar katalis, ƙofar da ke rage wa turbo hayaƙi takan gaza, matsin ya haura abin da kwamfuta ta sani, mai ya yi ƙaranci, wuta ta tashi kafin lokacinta. Injin fistan yakan jure irin wannan na ɗan lokaci. A injin Wankel, sil ɗin kusurwa na iya karyewa nan take, gutsattsarinsa su kankare bangon gidan rota su wuce su lalata turbo. Don haka masana ke haɗa sauya salansa da sake saita kwamfuta, da faɗaɗa waccan ƙofar idan ta kama. Samfurin da aka sayar a Amurka yana da ƙarin ƙaramar katalis dab da turbo, wadda ta yi ƙaurin suna wajen toshewa da tara zafi a ɗakin injin.

RX-8 ta zo da injin Renesis, inda aka mayar da kafofin hayaƙi zuwa faifan gefe, aka kuma kawar da lokacin da kafofin shiga da fita ke buɗe tare. Hayaƙinta ya fi tsabta, sautinta ya fi laushi, ƙarfin da ake samu daga sauya salansa kuma kaɗan ne, galibi sauti da raguwar nauyi ake saya. Abin lura a wannan motar shi ne katalis. Idan kwayil ko fulogi suka raunana, ɗanyen fetur yana isa katalis ya ƙone a cikinta har saƙarta ta narke. Haka ma idan injin ya sha mai ya ƙi tashi aka yi ta murza shi. Toshewar tana mayar da zafi cikin kafofin gefe, inda sil ɗin gefen rota ke wucewa. Alamunta su ne mota ta rasa ƙarfi a babban juyi, wani lokaci a ga katalis ta yi ja da daddare bayan tafiya. Sa sabuwa ba tare da gyara wutar injin ba asarar kuɗi ce, domin ita ma haka za ta ƙare.

Ƙara da doka

Sautin injin yana cikin abin da ke jan masoyansa. Motar Mazda 787B mai rota huɗu, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991, har yau ana tuna ta da kukanta. A kan titi kuwa akwai iyaka. Jihar Kalifoniya ta ƙayyade desibel 95 ga ƙananan motoci, Japan tana auna ƙarar salansa a binciken mota na lokaci-lokaci, filayen tsere da dama su ma suna da nasu ma'aunin, wanda ya wuce shi a fitar da shi daga fili. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar ninki biyu, don haka tazarar da ke tsakanin 95 da 105 ba ƙarama ba ce. Cire katalis daga motar da ke hawa titi laifi ne a dokar tarayyar Amurka, a Birtaniya kuma motar da ya kamata ta kasance da ita ba za ta ci gwajin shekara ba in babu ita. Katalis ɗin kasuwa da aka yi don injin fistan sau da yawa ba ta daɗewa a bayan injin Wankel, shi ya sa ake neman mai saƙar ƙarfe, a kuma ɗaura ta nesa kaɗan da injin inda hayaƙin ya fara hucewa.