Wa Ya Tura Ta Biyu Ƙarshen Layi?

Ga wani kacici-kacici, kuma kada ka yi saurin ba ni gari.

Ɗalibai huɗu ne a ajin ƙarshe na sashen kimiyyar kwamfuta. Furojet huɗu ne a allon sanarwa, kowanne mutum ɗaya yake ɗauka. Ni na shirya su a kan takarda domin lissafin ya shiga tafin hannu, amma abin da zai same su yana samun ɗaruruwa a duk inda ake irin wannan rabo. Mu kira ɗaliban da matsayinsu a maki: Ta Ɗaya, Ta Biyu, Na Uku, Na Huɗu. Furojet ɗin kuwa mu kira su da wurin da aikin zai kai mutum: Asibiti, Gona, Kasuwa, Laburare. An ba kowa fam ya jera huɗun, daga wanda ya fi kwanta masa a rai zuwa wanda ba ya ko son ji. Doka ɗaya ce tak: idan biyu suka haɗu a kan furojet guda, wanda ya fi maki shi zai ɗauka. Aka zuba fam a kwamfuta, manhajar rabo ta gama aikinta kafin ƙiftawar ido, aka liƙa sakamako.

Ta Ɗaya ta sami zaɓinta na farko. Na Uku ya sami na farko. Na Huɗu, wanda ke can ƙasan aji, shi ma na farko. Ta Biyu kuwa, wadda mutum ɗaya kaɗai ya fi ta maki, sai ta tsinci sunanta a Laburare, furojet ɗin da ta sa a ƙarshen jerinta. An ce maki ne ke raba gardama. To ta wace ƙofa biyun da ta fi suka wuce ta?

Na san abin da ya fara zuwa maka, domin shi ke fara zuwa wa kowa. Hannu. Wani ya yi waya, wani ɗan wani ne, wani malami ya riga ya yi wa yaronsa alkawarin Gona. Biri ya yi kama da mutum ƙwarai, kuma ba zan ga laifin ɗalibar da ta yi wannan zato ba. Sai dai a wannan rabo manhajar ba ta ga sunan kowa ba. Lambar rajista aka ba ta, da maki, da jerin zaɓi. Abin da ta fitar shi aka liƙa, ba a goge ko harafi ɗaya ba. Ka sake kunna ta sau ɗari a gaban shaidu, amsar nan dai za ta ba ka. Mun sallami wanda muka fara tuhuma. Saura wa?

Saura wanda ya rubuta manhajar. A nan duk mai rubuta umarnin kwamfuta zai gyara zama, domin ya san wani sanannen tarko. A Python da harsunan kwamfuta da dama, ƙidayar jeri daga sifili take farawa. Zaɓi na farko shi ne lamba 0, na biyu lamba 1. Mai rubutu ya shagala kaɗan, sai kwamfuta ta tsallake zaɓin mutum ta kama na gaba. Ko kuma a jera maki a kife, na ƙasa ya koma sama. Zato ne mai kyau, kuma gwada shi ba wuya. Da an kife maki, da Ta Ɗaya ce za ta fi kowa shan kashi, ga shi kuwa ta sami Asibiti. Da an tsallake lamba, da ba wanda zai sami zaɓinsa na farko, ga shi uku sun samu. Ka ajiye kwamfutar, ka ɗauki biro ka bi umarnin layi-layi, za ka iso inda ta iso. Babu kuskure a rubutun. Manhajar ta yi abin da aka ce ta yi daidai wa daida.

Lokaci ya yi da za mu buɗe fam ɗin. Ta Ɗaya da Ta Biyu jerinsu iri ɗaya ne: Asibiti, Gona, Kasuwa, Laburare. Na Uku ya rubuta Gona, Kasuwa, Asibiti, Laburare. Na Huɗu ya fara da Kasuwa, ya bi da Laburare. Ka riƙe fam ɗin Na Uku a zuciyarka, za mu dawo kansa.

Wani gwanin lissafi zai ce ai matsalar ita ce an yi rabon da dabarar ƙananan yara, a kawo ta manya. Akwai ta kuwa. A 1955 Harold Kuhn ya wallafa hanyar da ya kira ta Hangari, don girmama masana lissafi biyu na ƙasar, Kőnig da Egerváry, waɗanda ya ɗora aikinsa a kan nasu. Yadda ake amfani da ita a nan: zaɓi na farko a ba shi farashi 1, na biyu 2, na uku 3, na huɗu 4, sai a nemo rabon da jimillarsa ta fi kowanne ƙanƙanta. Mu gwada. Rabon da aka liƙa: 1 da 4 da 1 da 1, jimilla 7. Wani rabon, inda Ta Biyu ta sami Gona, Na Uku Kasuwa, Na Huɗu Laburare: 1 da 2 da 2 da 2. Jimilla 7. Ka juya huɗun nan yadda ka ga dama, ba za ka sauka ƙasa da 7 ba. Wato a idon wannan babbar dabara, rabon da ya jefa Ta Biyu ƙarshen layi ba shi da aibi ko kaɗan. Yana cikin mafiya kyau. Jimilla take gani, ba ta tambayar a kan wa nauyin ya sauka.

Ba hannu. Ba kuskuren rubutu. Gwanin lissafi ma ya wanke rabon.

Amma ruwa ba ya tsami banza.

Mu rage gudun manhajar. Mu kalle ta zagaye-zagaye.

Zagaye na farko. Kowa ya nufi zaɓinsa na farko. Mutum biyu a ƙofar Asibiti. An duba maki, Ta Ɗaya ta shige. Mutum ɗaya a ƙofar Gona. Na Uku ya shige. Mutum ɗaya a Kasuwa. Na Huɗu ya shige.

Zagaye na biyu. Ta Biyu ta juya Gona. A rufe.

Na uku. Kasuwa. A rufe.

Ka gan shi?

Ba a taɓa gwada makinta da na Na Uku ba. Ko sau ɗaya. Ba a gwada shi da na Na Huɗu ba. Dokar ta ce maki zai raba gardama idan biyu suka haɗu, su kuwa ba su haɗu ba, domin shi ya iso a zagaye na farko, ita a na biyu, kuma a tsakanin zagayen biyu manhajar ta cire Gona daga jerin furojet ɗin da suka rage. Layi ɗaya ne a cikin umarnin, wanda ke cewa duk furojet ɗin da aka ba wani a cire shi. Layi ne da kowane mai rubutu zai sa ba tare da ya ji ɗar ba, domin hankali ya yarda da shi: an ba da abu, to an ba da shi. Shi ne mai laifin. Ya mai da lambar da ka rubuta a fam ta fi duk makin da ka tara a shekara huɗu ƙarfi. Kamar dillali ne a kasuwar dabbobi da ya sallama rago ga wanda ya fara tayawa da sassafe, alhali mai tayi mafi tsoka na can yana ciniki a wani turke, yana nan tafe.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya a kan Ta Biyu ba. Ɗauko fam ɗin Na Uku. A zuciyarsa Asibiti yake so, kamar sauran, sai Gona, sai Kasuwa. Amma wani da ya riga shi gamawa ya raɗa masa cewa kada ya kuskura ya sa abin da ake rububi a farko. Da ya faɗi gaskiya, da ya rasa Asibiti a zagaye na farko, ya rasa Gona ga Ta Biyu a na biyu, ya tarar da Kasuwa a rufe, ya ƙare a Laburare. Ɓoye son ransa ne ya ɗaga shi zuwa Gona. Ita kuma gaskiyarta ce ta kai ta ƙasa. Wannan shi ya fi ci mini rai a cikin lamarin, domin ɗalibin da ke da yayye a jami'a ya san dabarar, wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a kuwa zai rubuta abin da yake so da zuciya ɗaya. Duk wanda ya taɓa cike fam ɗin JAMB ya san irin wannan shawara, cewa jami'ar da ake rububi ba kasafai take waiwayar wanda ya sa ta a zaɓi na biyu ba.

Wannan tsarin har suna gare shi a wurin masana tattalin arziki: tsarin Boston, domin da shi birnin Boston na Amurka ya riƙa raba yara a makarantun gwamnati. Atila Abdulkadiroğlu da Tayfun Sönmez sun fito da aibinsa a 2003. Iyaye masu ido sun daɗe suna ba juna shawarar yadda za a jera makarantu da wayo, marasa sani suna faɗawa rami. A 2005 hukumar makarantun birnin ta yi watsi da shi.

Abin da ta koma wa ya girmi matsalar tata. A 1962 David Gale da Lloyd Shapley suka wallafa wata gajeriyar maƙala a kan shiga kwaleji da ɗorewar aure, kuma maganin da ke cikinta bai wuce sauya layin nan guda ba. Furojet ba ya sallamawa. Riƙo yake yi na wucin gadi. Idan wanda ya fi ya zo daga baya, sai ya saki na hannunsa, wanda aka saki ya nufi zaɓinsa na gaba. Ba a rufe komai sai an daina korar kowa. Mu sake kunna huɗun namu. Ta Biyu ta rasa Asibiti, ta zo Gona, aka gwada maki, ta karɓe. Na Uku ya gangara Kasuwa, ya fi Na Huɗu, ya karɓe. Na Huɗu ya tafi Laburare, wanda dama shi ne zaɓinsa na biyu. Yanzu babu ɗalibin da zai nuna wani furojet da ya fi so ya ce wanda ke ciki bai kai shi ba. Wannan shi masana ke kira rabo mai ɗorewa. Ka kuma mayar wa Na Uku gaskiyarsa, ya sa Asibiti a farko: Kasuwar nan dai zai samu. Wayon ya tashi a banza. Dubins da Freedman a 1981, da Alvin Roth a 1982, sun tabbatar da cewa a wannan tsarin mai nema ba ya cin ribar ɓoye son ransa.

Akwai kuɗin da ake biya, kuma ba zan ɓoye shi ba. A tsohon rabo shugaban sashe zai miƙe a taro ya ce uku cikin huɗu sun sami zaɓinsu na farko. A sabon, ɗaya ce kawai a cikin huɗu. Adadin farko ya fi daɗin faɗi, shi ya sa tsohon tsarin yake da masoya. Amma ɗaya daga cikin ukun nan zaɓin farkonsa na tsoro ne, kuma an sayi adadin ne da shekarar ƙarshe ta ɗalibar da ba ta yi laifin komai ba. Ni na zaɓi ɗaya cikin huɗu.

Tsarin Gale da Shapley ya yi tafiya mai nisa. A 1952 aka fara raba sababbin likitoci a asibitocin Amurka da wata hanya da Roth ya nuna a 1984 cewa a zahiri ita ce ta Gale da Shapley. Birnin Niyu Yok ya ɗauke shi a 2003 don manyan makarantun sakandare, yaran da ke ƙarewa ba tare da ko ɗaya daga zaɓinsu ba suka sauko daga kusan 30,000 zuwa kusan 3,000. A 2012 aka ba Roth da Shapley kyautar Nobel ta tattalin arziki. Gale ya rasu tun 2008.

Sai dai rabon furojet yana da wani ƙulli nasa na kansa. Malami ɗaya zai iya kawo furojet biyar, amma ɗalibai uku kaɗai zai iya dubawa. Ka ga iyaka ta zama biyu, ta furojet da ta malami, kuma furojet na iya zama babu kowa a ciki a ce maka ba wuri, domin mai shi ya cika. David Abraham da Robert Irving da David Manlove sun warware wannan a aikin da ya fito daga Jami'ar Gilasgo ta Sikotlan, wanda aka wallafa a 2007. Sun nuna cewa idan ɗalibai sun jera furojet, malamai kuma sun jera ɗalibai, to rabo mai ɗorewa ba ya taɓa ɓacewa, kuma kwamfuta na samo shi da sauri. Dabarar ita ce malamin da ya cika ya saki mafi ƙasa a cikin duk waɗanda yake riƙe da su, ko da a wani furojet nasa daban yake. A can Gilasgo ne kuma 'yar Najeriya Sofiat Olaosebikan ta yi digirinta na uku a kan wannan matsala, a ƙarƙashin Manlove.

Aikin Abraham da Irving da Manlove ya tono wani abin da zai ba malamai mamaki. Ajin guda na iya samun rabo mai ɗorewa fiye da ɗaya, amma a dukkansu kowane malami adadin ɗalibai ɗaya yake samu, kuma ɗaliban da suka rasa wuri su ne dai suke rasawa. Malamin da ya tashi da ɗalibi ɗaya alhali yana da wurin biyar, ko sau nawa aka sake lissafin ɗaya zai samu, sai in ya sauya furojet ɗin da yake kawowa.