Waken da Ƙwaro Ya Ƙi Ci, Kai Ma Ka Yi Hattara

Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san halin ƙwaronsa. Ka kai buhu ɗaki da kaka, ƙwaya fes babu tabo, kafin bazara ta kama ka buɗe ka tarar da huji da gari da wani irin wari. Tsoron wannan asara ne ke sa manomi da ɗan kasuwa su nemi mafita a shagon mai maganin feshi. Wani ya yayyafa fiya-fiya, wani ya barbaɗa hodar da ko sunanta bai sani ba, wani ya cusa ƙwayar da ake kira bom a tsakiyar buhu ya jingine shi a ɗakin da yara ke kwana. Wake dai ya tsira daga ƙwaro. Sai dai tukunya ce ƙarshensa, kuma mu ne masu ci.

Abin ba wasa ba ne. A shekarar 2008, a jihohin Gombe da Kuros Riba, an kwashi mutane masu yawa zuwa asibiti bayan cin abincin wake, cikinsu har da 'yan makaranta, aka kuma gano gubar maganin ƙwari ce. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda sinadarin dikilobos, wato ainihin abin da ke cikin fiya-fiya. Dokarsu ba ta yarda ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo ba, amma an sami wanda ya kai 4.6. Wannan fa waken da aka zaɓa don fitarwa waje ke nan. To, wanda ake aunawa da mudu a kasuwar ƙauye, wa ke gwada shi? Ga shi Najeriya ce kan gaba a noman wake a duniya, Nijar na biye mata, kuma ƙosai da alala da ɗanwake da garau-garau ba sa barin kwanonmu.

Masu bincike sun daɗe da sanin sirrin wannan ƙwaro. Tun daga gona yake biyo amfanin. Macen takan manna ƙwanta a jikin ƙwayar wake, guda ɗaya tana iya yin gommai. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta huda ta shige ciki, can za ta ci ta girma, cikin mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi ta fito cikakken ƙwaro, ta bar hujin nan da muke gani. Shi ya sa 'yan ƙalilan a watan girbi kan zama dubbai bayan wata uku. Shi ya sa kuma guba ba ta cika gamawa da shi ba, domin mai ɓarnar yana ɓoye cikin ƙwaya, sai a yi ta ƙara magani kan magani.

A ƙarshen shekarun 1980, masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, suka haɗa kai da cibiyar binciken noma ta gwamnatin Kamaru da ke Marwa, suna neman hanyar adana wake ba tare da guba ba. Daga nan aka samo buhun nan mai hawa uku, wanda ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhu saƙaƙƙe a waje. Cibiyar INRAN ta Nijar ta gwada shi sosai a Maraɗi, kuma daga 2007 aka shiga yaɗa shi ƙauye-ƙauye a Afirka ta Yamma. Ita ma cibiyar NSPRI ta gwamnatin Najeriya, mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano, aikinta ke nan, binciken adana amfanin gona, kuma ta daɗe tana koyar da ajiya a mazubin da iska ba ta shiga.

Yadda abin ke aiki shi ne ya fi burge ni. Da an ɗaure buhun, ƙwarin da ke ciki su da kansu suke shanye 'yar iskar da ta rage. Cikin kwanaki sai su daina ci, su daina haihuwa. Murdock da abokan aikinsa sun nuna cewa abin da ke kashe su a ƙarshe ƙishirwa ce. Busasshen wake ba shi da ruwan da zai ishi tsutsa, don haka jikinta ne ke haɗa ruwa daga abincin da ta ci, kuma hakan ba ya yiwuwa sai da iska. In babu iska babu ruwa, sai ta bushe a cikin ƙwayar. Ba a zuba komai ba, ba a fesa komai ba, kuma in an buɗe yau, yau za a iya dafawa. Irin shuka ma yana tsirowa.

Amma buhun yana da sharaɗi, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Wake ya bushe ƙayau, a sheƙe shi, a tsince tsakuwa da kara don kada su huda leda. Kafin zubawa a hura iska a kowace leda a matse, a ga ko tana yoyo. A cika, a matse sauran iskar, a murɗe bakin ledar farko a ɗaure, sannan ta biyu ita ma daban, sannan buhun waje. Ɗaure su gaba ɗaya da igiya guda aikin banza ne. A ɗora bisa katako, nesa da bango, don ɓera ya fi ƙwaro iya lalata shi. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiban na cefane. Wanda za a ci a wannan watan a ware shi tun farko. A kuma lura da jabu, masu siririyar leda. Buhu mai kyau yakan yi kaka biyu ko uku in an lallaɓa shi. Wanda bai samu ba, jarka ko duro mai tsabta da murfi mai kamawa sosai yana yin wannan aikin, muddin an cika shi maƙil kuma bai taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba.

Uwargida ma tana da nata kason. Mu ne muke ƙin waken da ke da huji ko ɗaya, mu biya tsada ga wanda ya yi wata takwas a sito babu ko ƙwaro guda, ba mu tambayi yadda aka yi ba. Ɗan kasuwa kuwa abin da ake nema yake kawowa. A tambaya a cikin me aka ajiye shi. A shinshina, in akwai warin magani ko wata hoda a jikinsa, a bar shi. Wankewa da zubar da ruwan tafasar farko suna rage guba, amma ba sa tabbatar da an rabu da ita.

In kuma aka ci wake, mutanen gida suka fara amai da gudawa tare, ga dalalar miyau da zufa da ƙanƙancewar ƙwayar ido ko sarƙewar numfashi, ba lokacin ɗura manja ko madara ba ne, kuma kada a tilasta wa kowa yin amai. A garzaya asibiti nan take, a tafi da ragowar abincin da ɗanyen waken, da kwalbar maganin in an san ta, don likita ya san da wace guba yake fama. Sauran waken kuma kada a ba dabbobi, kada a mayar da shi kasuwa.