Daga Madambaci Zuwa Anu Araren: Yadda Ake Tatsar Ƙarfin Tururi

Duk wanda ya taɓa zama kusa da murhu ranar da ake dambu a Filinge ya ga ilimin tururi da idonsa, ko da bai san sunansa ba. Ruwa na tafasa a tukunya, madambaci na bisa, uwargida ta jiƙa tsumma ta naɗe mahaɗarsu don kada tururi ya sami kafar fita. In ya sami kafa, dambu ba ya nuna da wuri, itace kuma ya ƙone a banza. Kai da ke zaune a gefe kana jin hucin wuta na dukan ƙwaurinka. Wannan hucin zafi ne da aka sayi itacensa da kuɗi, amma bai shiga tukunya ba. Masu awon irin wannan abu sun ce murhun duwatsu uku ba ya isar wa tukunya fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na zafin itacen. Sauran iska ke kwashewa.

Damuwar uwargida guda biyun nan, tsare tururi da hana zafi zurarewa, su ne dai damuwar injiniyoyin da ke ƙera manyan tukwanen tururi na masana'antu da tashoshin wutar lantarki. Maganar kuma ta shafe mu. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke sha, Yamai da garuruwa da yawa sun kwana cikin duhu. Agadas da Arlit kuwa ba daga can suke sha ba. Wutarsu daga Anu Araren take fitowa, kusa da Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR ke haƙo gawayin ƙasa yana ƙonawa. An kafa kamfanin a 1975, zamanin Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu a nan yankin Filinge, tashar kuma ta soma ba da wuta a 1981. Injuna biyu gare ta, kowane na ba da megawat 18.8. Abin da ke juya su tururi ne.

Ina tururi ya samo wannan ƙarfi? Lita ɗaya ta ruwa in ta ƙone ƙurmus ta zama tururi a sarari, tana cika wuri kamar lita 1,700. Zafin da ake buƙata don mai da tafasasshen ruwa tururi kuwa ya ninka fiye da sau biyar wanda ake buƙata don ɗaga ruwan daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Duk wannan zafin yana ɗauke a jikin tururin, sai ya tafi da shi inda aka aike shi. In kuma aka rufe tukunya ruf, matsi na ƙaruwa, ruwa ya ƙi tafasa a digiri 100 da muka sani. Ana auna matsi da ma'aunin bar. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗan abu ba. A bar 10 ruwa sai ya kai digiri 180 kafin ya tafasa, a bar 100 sai ya kai wajen 311. Irin wannan tururi in aka sake shi kan fukafukan farfela, yana juya ta sau 3,000 a minti ɗaya, ita kuma ta juya janareta.

Tukwanen farko da suka yaɗu a duniya masu wuta cikin bututu ne. Ƙatuwar ganga ce cike da ruwa, bututai sun ratsa ta, hayaƙi mai zafi na bi ta cikinsu. Irinta ce a kan jiragen ƙasan da suka iso Kano a 1911. Tana da sauƙin ƙira da sauƙin kulawa, amma tana da iyaka, iyakar kuma ta ci rayuka. A ranar 27 ga Afrilu 1865 tukwanen jirgin ruwan Sultana suka fashe a kogin Misisipi na Amurka, mutane fiye da 1,100 suka halaka. A 1905 wata ta tarwatse a masana'antar takalma a garin Burokton, ta kashe mutum 58. Irin waɗannan masifu ne suka sa ƙungiyar injiniyoyin Amurka ta ASME ta tsara dokokin ƙera tukwane a 1914, waɗanda har yau ƙasashe da dama ke bi.

Dalilin fashewar a fili yake. Gwargwadon faɗin ganga, gwargwadon wahalar da ƙarfenta ke sha: in ka ninka faɗinta, dole ka ninka kaurin ƙarfen kafin ta ɗauki matsi iri ɗaya. Ga shi kuma tana riƙe da tan-tan na ruwan da zafinsa ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tashi. Ranar da ƙarfe ya tsage, matsin ya tafi, wani sashe na ruwan ya zama tururi kafin ƙiftawar ido, ya yi gaba da tukunya da gini da duk wanda ke kusa.

Sai aka juya abin: ruwa ya koma cikin bututu, wuta ta koma waje. Stephen Wilcox ya yi rajistar irin wannan ƙira a 1856, a 1867 kuma shi da abokinsa George Babcock suka kafa kamfanin da ke ɗauke da sunayensu har yanzu. Tashar wutar da Thomas Edison ya buɗe a birnin Niyok a 1882 da tukwanensu ta yi aiki. Ribar juyin nan uku ce. Siririn bututu na ɗaukar matsin da ƙatuwar ganga ba ta iyawa, ba tare da kauri mai yawa ba. In ɗaya ya fashe, ruwan da ke fita kaɗan ne, ɓarnar ta tsaya kusa. Ta uku kuwa manomi ya fi kowa saninta: geron da aka baza kan tabarma ya fi na cikin buhu saurin bushewa, don rana na samun kowace ƙwaya. Haka ruwan da aka raba cikin ɗaruruwan bututai yake ba wuta fuska mai faɗi, ya sha zafi da sauri. Mai son ƙarin tururi sai ya ƙara bututai da tsawon ɗakin wuta. Da haka tukunya ta tashi daga girman ɗaki ta kai tsayin bene mai hawa goma ko fiye.

Abin sha'awa shi ne, a yawancinsu ruwa da kansa yake zagayawa ba tare da famfo ya tura shi ba. A can ƙololuwa akwai ganga kwance, rabinta ruwa rabinta tururi. Daga gindinta manyan bututai ke saukowa ta bayan ɗakin wuta, inda babu zafi, don haka ruwan cikinsu na da nauyi. Daga ƙasa ruwan ke shiga siraran bututan da aka jera aka haɗe da walda suka zama bangon ɗakin wutar kansa. Nan wuta ke dukansa, ya cika da kumfar tururi, ya yi sauƙi, mai nauyin da ke saukowa ya tura shi sama. A cikin ganga a rabe tururi da ruwa, ruwa ya sake sauka. Wannan zagaye shi ne ran tukunya, domin ruwan ne ke sanyaya ƙarfen. Bututun da ruwa ya daina bi, cikin mintoci kaɗan zai yi ja, ya kumbura, ya yage.

Daga nan aikin mai ƙira ya koma bin sawun zafi duk inda ya nufi tserewa. Tururin da ya baro ganga da sauran danshi a jikinsa, ɗigon ruwa kuwa na cin fukafukan farfela kamar yadda rairayi ke cin fenti. Don haka ake sake bi da shi ta wasu bututai a bakin ɗakin wuta, ya bushe ƙarau, zafinsa ya kai wajen digiri 540 a manyan tashoshi. Hayaƙin da ya wuce nan har yanzu da zafinsa, ba a barinsa ya fita haka. Sai a sa masa bututan ruwan da ke shigowa a kan hanya, ya ɗumama su, dabarar da Edward Green na Ingila ya fito da ita a 1845. Uwargidar da ke ajiye butar alwala a gefen murhu da sanyin hunturu ta riga ta san wannan. Abin da ya rage kuma a ɗumama iskar da za a hura wa wuta da shi. Injiniyoyi na riƙe da wani ƙiyasi: duk digiri 20 da aka rage a zafin hayaƙi, an ceto kusan kashi 1 cikin ɗari na makamashi. Amma ba a zarcewa, don in hayaƙi ya yi sanyi da yawa, farar wutar da ke cikin gawayi na haɗuwa da raɓa ta zama ruwan batir, ta cinye ƙarfe. Ita ma iska da awo ake ba ta: in ta yi kaɗan gawayi ba ya cinyewa, baƙin hayaƙi ya tashi, in ta yi yawa ta kwashi zafi ta fice da shi. Tukunyar da aka haɗa wa waɗannan duka tana kai wa ruwa kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na zafin makamashinta. A tuna da 15 ɗin murhunmu.

Sai dai zafin da ya shiga tururi ba duka ke zama wuta ba. Tashar gawayi ta yau da kullum kashi ɗaya bisa uku kawai take mayarwa lantarki, ƙanana da tsofaffi ma ba sa kaiwa. Hanyar ƙara wannan rabo ita ce ƙara zafi da matsi. A bar 221 da digiri 374 wani abin mamaki ke faruwa: ruwa ya daina tafasa, ya rikiɗe tururi ba kumfa ba ɓararraka. Mark Benson ya ƙirƙiro tukunyar da ke aiki a wannan mataki a 1922, babu ganga a cikinta, famfo ke tura ruwa ta wannan baki ya fita tururi ta wancan. Tashar Philo a jihar Ohayo ta soma aiki da irin wannan matsi a 1957. Na zamani suna kai kashi 45 cikin ɗari, amma suna son ƙarfe mai tsada da ruwa mai tsabtar gaske.

A kan ruwan nan ne mutumin Kurfai, wato yankinmu na Filinge, ya kamata ya buɗe kunne. Ka leƙa cikin butar mai shayi da ta shekara a kan wuta, za ka ga farin ɓawo ya manne a gindinta, sai an sa cokali an kankare. Gishirin ruwa ne da ya rage bayan ruwan ya ƙone. Kwarin Dallol Bosso da Filinge ke zaune a kansa an san shi da kanwa, ruwan rijiya kuwa ko'ina yake yana ɗauke da abin da ya narkar daga ƙasa. Abin da buta ke tarawa a shekara, tukunyar da ke dafa tan-tan na ruwa kowace awa sai ta tara shi cikin kwanaki. Ɓawon na shiga tsakanin ruwa da ƙarfe, makamashi ya ƙaru, ƙarfe ya ƙone. Shi ya sa kowace tashar kirki ke da sashen tace ruwa, inda ake cire gishiri da iskar da ke jawo tsatsa, ana kuma zubar da ɗan ruwan ganga a kai a kai don kada dauɗa ta taru. Ma'aikacin da ke gwada ruwa safe da yamma bai kasa wanda ya zana tukunyar muhimmanci ba.

Makamashi ma da halinsa. Gawayin Anu Araren mai yawan toka ne, toka kuwa na liƙewa a bututu ta tare zafi, sai an riƙa feshe ta da tururi. Don irin wannan gawayi aka ƙirƙiro ɗakin wutar da ake hura iska ta ƙarƙashin yashi da toka har su riƙa motsi kamar tafasasshen kunu, gawayi ya ci a cikinsu a wajen digiri 850, a zuba farar ƙasa ta kama farar wuta. Tururin da ya gama aiki kuma dole a sanyaya shi ya koma ruwa, abin da ke shan ruwa mai ɗimbin yawa. A ƙasar da ruwa ke da tsada ana yi da iska: tashar Matimba a Afirka ta Kudu, mai kusan megawat 4,000, da manyan fankoki take sanyaya tururinta. Tana rasa ɗan ƙarfi in rana ta take, amma ta bar wa jama'a ruwansu.

Ba kowane aiki ke son babbar tukunya ba. Mai son dafa madarar shanun Azawak irin na Tukunus don ta daɗe ba ta lalace ba, ƙaramar mai wuta cikin bututu ta ishe shi. Masana'antar sukari ta Numan a Adamawa kuwa tuƙar rakenta take ƙonawa ta sami tururi. A nan Kurfai, kafin wani ya ce a ƙona karan gero, sai ya tuna shi ne abincin dabbobi da rani, shi ne danga, shi ne kuma ke rufe gona daga iska.

An daɗe ana maganar gawayin Salkadamna a jihar Tawa da tashar da za a gina a kansa. Tun 2014 aka aza harsashinta. Duk ranar da maganar ta sake tasowa, kada mu tsaya ga yawan megawat kaɗai. Mu tambaya: kashi nawa na zafin gawayin zai zama wuta? Daga wace rijiya za a ɗebo ruwa, kuma me zai rage wa makiyayi? Ina za a kai toka da hayaƙi? Sannan su wa za su riƙe ta? Tukunya irin wannan na iya shekara arba'in tana aiki, kamar yadda ta Anu Araren ta nuna, amma sai da masu walda da suka ƙware, da masu gwajin ruwa, da masu tsaron ma'auni dare da rana. Yaran da za su yi wannan aiki yau suna aji a makarantun Filinge da Abala da Tawa. Iyayen da ɗansu ya nuna son lissafi ko aikin ƙarfe, su ƙarfafa masa gwiwa tun yanzu, don sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.