Tarwada a Tanki, Alayyahu a Kan Tsakuwa

A tsakar gidana akwai tankin roba mai cin lita 1000, ina kiwon tarwada a ciki. Ƙaramin famfo mai aiki da sola ke tura ruwan zuwa rabin duro cike da tsakuwa, inda na shuka alayyahu da latas.

Kashin kifi na fitar da amoniya, wadda ke hallaka kifin idan ta taru. Bakteriyar da ke maƙale jikin tsakuwa ce ke mayar da ita taki, saiwoyi su shanye, ruwan ya koma tanki a tace.

Mai son gwadawa ya fara da kifi kaɗan na mako huɗu zuwa shida, har bakteriyar ta kafu. Kada ya fesa wa ganyen maganin ƙwari, domin zai kashe kifin.